Kwana Biyu A Kano Da Yara Uku Da Naira 40,000

Baban Nana, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara na zo nema. Ƙanwata da ke aure a Kano, can wajen Ɗorayi, ta sauka lafiya, suna ranar Alhamis mai zuwa. Za mu tafi ni da mai ɗakina da yaranmu uku: babbar shekararta 12, mai bi mata 9, ƙaramin 5. Laraba za mu tashi, mu juyo Lahadi da safe, ke nan Juma'a da Asabar a hannunmu suke. Abin da ke raina shi ne, shekara 11 ke nan ina koyarwa a firamare, ina rubuta wa 'ya'yan mutane Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi a allo, amma sau biyu kacal na taɓa shiga Kano, duk biyun kuma jinya ce ta kai ni. Ina so nawa yaran su gani da idonsu. Bayan na ware kuɗin mota zuwa da dawowa da abin barka, naira 40,000 ta rage mini. Ba na so mu zame wa mai jego nauyi, ciki da falo take, ga dangin miji cike da gida. Ina za mu ci abinci mai sauƙi kuma mai tsafta? Me ya kamata mu gani, me za mu bari?

Ɗanjuma Direba:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya. Tun kafin a yi maganar ci da kallo bari in yi ta hanya, tunda ita na sani. Ku yi sallar asuba ku nufi tasha, ku shiga lodin farko. Ku wuce Tsafe da Yankara rana na sama. Ko an rage maka kuɗi kada ka shiga motar la'asar da iyali, kowa a zauren nan ya san matsalar 'yan bindiga a hanyar nan. Idan motar ta bi Funtuwa, Malumfashi, Gwarzo, to ta gaban sabuwar jami'ar Bayero za ku shiga gari, ku wuce Rijiyar Zaki. Ka ce wa direba ya sauke ku a Kabuga. Ɗorayi nan kusa take. In ka bari aka kai ku can cikin tasha, sai ka sake biyan kuɗin dawowa baya.

Na biyu, ka manta da kabu-kabun Gusau. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, adaidaita sahu ce abin hawa. A nan kuɗin baƙo ke zurarewa. Kada kalmar shata ta fito daga bakinka. Ka tambayi mijin ƙanwarka nawa ake biyan mutum ɗaya daga wuri kaza zuwa wuri kaza, sai ka ce wa mai adaidaita kujera huɗu za ka biya, ƙaramin a cinya. Ku gama ciniki ƙafarka tana ƙasa.

Alhaji Mai Shago:
Malam, ni gaskiya zan faɗa maka don ina ganin girmanka. A wannan zamanin da buhun shinkafa ya kai inda ya kai, a ce mutum ya ɗauki naira 40,000 ya je kallon dutse? Ku je suna, ku yi zumunci, Juma'a ku juyo. Kuɗin ka sa shi a kuɗin makarantar yara ko ka sayi hatsi ka ajiye. Dutse dai muna da Kwatarkwashi a bakin hanya, za ku ma wuce shi kyauta, kuma Dala a gabansa tudu ne.

Kawu Shehu, Bunguɗu:
Alhaji, a wajen tsawo ka yi gaskiya, ni ɗan ƙasar Kwatarkwashi ne, ba mai gaya mini girmansa. Amma ba tsawo ake zuwa gani a Dala ba. Daga gindin dutsen nan garin ya tsiro. Nan Barbushe ya zauna da tsafin Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. In yaro ya hau ya waiga gabas da yamma, ya hango Goron Dutse, ya hango hasumiyoyin babban masallaci, ya ga rufin gidaje har inda ido ya tsaya, ranar zai fahimci abin da ake nufi da birni. Allo ba ya koyar da wannan.

Malam, ga tsarin da nake ba ka. Abin da ya fi daraja a Kano kusan duk a cikin ganuwa yake, kuma kusa da juna. Ranar Juma'a ku fito da hantsi ku fara da Gidan Makama. Ginin ƙasa ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan shigowar Turawa a 1903, da ɗakin amaryar da, jerensa da komai. Akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani. Ka bar yaran su yi tambaya, kada ka amsa musu da kanka ko ka san amsar. In kun fito, fadar Sarki ga ta nan, ita ce Gidan Rumfa, ku tsaya a Ƙofar Kudu su ga dogarai. Daga nan zuwa babban masallaci tafiyar ƙafa ce, sai ku yi Juma'a a can.

Asabar ku ba Dala sassafe kafin rana ta yi zafi. In kun sauko, Gwammaja ba nisa, ku shiga Mambayya, gidan Malam Aminu Kano. Jami'ar Bayero ke kula da shi. Ka nuna wa Nana ɗakunan da mutumin ya rayu a ciki har ya rasu a 1983, ka gaya mata wannan ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa, ga kuma gidansa. Shi ma malamin makaranta ne kamarka, kuma ya koyar a Maru, nan ƙasarmu. Ni duk sanda na shiga gidan sai jikina ya yi sanyi.

Baban Nana, Gusau:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Na kwafe wannan a takarda. Alhaji, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Kuɗin makaranta na wannan zangon na biya, hatsi kuma akwai ɗan abin da ya samu daga gona. Wannan kuɗin wata bakwai ina tara shi don wannan niyya. Tunda kuɗin mota dole ne a biya saboda suna, na ga gara a jefi tsuntsu biyu.

Inna Hajo, Ƙauran Namoda:
Ɗana, barka da arziki. Kowa shina maganar dutse da masallaci, ba wanda ya ce mi yara za su sa ma cikinsu. Ni shekara 20 da ɗoriya ina zuwa Kantin Kwari sarin atamfa, kuma ban taɓa shiga gidan abinci mai gilashi ba. Sirrin duka guzuri ne. Ka ce ma uwar ɗiyan nan tun ranar Litinin ta daka yaji mai yawa, ta soya ƙuli, ta yi garin kunu, ta zuba man gyaɗa a gora. In da hali a yi ɗan dambun nama ko na kaza guda. A gasa hoce, shi ba ya lalacewa da wuri, in an ji yunwa a yi datu da ƙuli da albasa. Ku ɗauki fulas da kula da gorar ruwa babba. Yaro in ya fita da kunu a cikinsa ba ya kallon tiren mai talla.

Amma akwai maganarka guda da ba ta yi min daɗi ba. Ka ce ba ka so ku ci na mai jego. Kul! Ka taso tun daga Gusau ka sauka gidan ƙanwarka, a kawo maka akushi ka ce kun ci a waje? Mijinta mi zai ɗauka? Dangin miji mi za su ce da ita in kun tafi? Ba haka munka gada ba. Abin da za ka yi, ka tafi da tiya biyu ta shinkafar gida, da gero na kunun mai jego, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, matarka ta miƙa ma wadda ke riƙe da tukunya. Safe da dare ku ci a gida da kowa. Na rana kaɗai za ku saya. Ka ga ka rage kashe kuɗi, ka kuma rufa ma ƙanwarka asiri.

Baban Nana, Gusau:
Inna, na karɓi gyara. Wallahi tausayinta ne ya sa na faɗi haka, ban hango ta wannan fuskar ba.

Abdul na Jami'a, Talatan Mafara:
Baba Malam, shekarata ta uku ke nan ina karatu a Kano, in dai abincin mai ƙaramin ƙarfi ne, mu ɗalibai mun san lungunsa. Na farko garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, a yanka latas da tumatir da albasa a kai. Duk unguwa akwai mai yi, kuma faranti biyu zai ishi yaran nan uku. Na biyu ɗanwake. Na uku, wanda bai kamata a ce kun zo Kano ba ku ci ba, gurasa. Akwai ta a Gusau, na sani, amma ta Jakara daban ce. Jakara a bakin Kurmi take, ke nan kan hanyarku ce. Ka ce a yi maka bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a sa albasa da tumatir da kabeji. Tana riƙe ciki har magariba. In kana so ka faranta wa yara, ka sayi tsire ko balangu na ɗan kuɗi a haɗa da gurasar, kowa ya samu yanka biyu. Nama shi kaɗai ne zai cinye kuɗinka bai ƙosar da kowa ba.

Da yamma akwai awara da waina. Abin da zan ce ka kiyaye shi ne teburin mai shayi da mutum biyar. Indomi da ƙwai da shayi mai madara, in ka lissafa na kowa, ya fi kuɗin abincin rana biyu.

Maman Sadik, Gusau:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake gani a wurin aiki shi ya hana ni yin shiru. Araha tana da kyau, amma in yaro mai shekara 5 ya kama gudawa a garin da ba naku ba, abin da za ku kashe a kemis ya fi abin da kuka tsimi. Abdul, latas da kabejin da kake yabo su ne na fi tsoro, don ba ka san ruwan da aka wanke su da shi ba. Malam, ka nemi abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ɗanwake daga tukunya yake fitowa da zafinsa, waina daga tanda, ƙosai da awara daga mai. Waɗannan ba ni da fargaba a kansu. Gurasar ma ku ci, amma ta ƙaramin a bar ta da ƙuli da mai kawai. Zoɓo da kunun aya na ƙulli a leda ku bar su. Ku cika gorarku daga gida da ruwan da kuka yarda da shi. Ka sa sabulu ɗan ƙarami da gishirin haɗin ruwa na gudawa a jakar Maman Nana, ba su da nauyi.

Abdul na Jami'a, Talatan Mafara:
Anti, shekara uku ina cin latas ɗin nan, ko ciwon kai ban yi ba.

Maman Sadik, Gusau:
Ƙanena, cikinka na ɗan shekara 20 da wani abu ne, kuma ya saba da ruwan garin. Na ɗan shekara 5 baƙo ba haka yake ba. Allah ya ci gaba da tsare ka.

Inna Hajo, Ƙauran Namoda:
Awo, gaskiyar Maman Sadik. Kuma ga alama guda da ban taɓa ganin ta ci amanata ba: ka duba inda 'yan kasuwa da 'yan dako ke layi da tsakar rana. Abincin wurin ba ya kwana, kuma mai shi ba ta isa ta tsawwala ba don gobe ma su za ta gani. Wurin da ka ga kuloli a rufe ba kowa, mai abinci tana kore ƙuda, wuce. Hura kuwa, in za ku sha, a dama a gabanku, ku ba da ruwanku.

Ummu Haidar, Anka:
Ni tawa ta bambanta da ta Kawu. Don Allah a tuna yara ne. Ƙyauren ƙarfe da hoton Bature me ɗan shekara 5 zai gane a ciki? Da muka je da nawa bara, abin da har yau suke labari shi ne Gidan Zu. Su ga zaki da jimina da kada da idonsu. Kuma babban kantin nan na Ado Bayero a kan titin yake, sai ku shiga su sha sanyi su ga yadda duniya ta ci gaba. Kallo ai kyauta ne.

Ɗanjuma Direba:
Hajiya, shiga kyauta ce, fita ce ba kyauta ba. Na taɓa kai iyalina irin wannan kanti. Yaro ya ga askirim a hannun ɗan wani, ya ga wurin wasa ana hawa, kai kuma uba kana tsaye. Ko ka saya ka ɓata lissafi, ko ka hana ka fito da yaro yana hawaye. Ranar ban ji daɗin kaina ba har muka kwanta. Da kuɗin Malam, ni ban ba shi shawarar shiga ba.

Kawu Shehu, Bunguɗu:
Ummu Haidar, a kan Gidan Zu ban ƙi taki ba. Shi ma ai tarihi ne, sunan Audu Bako ke kansa, gwamnan farko na jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. Akwai itatuwa da inuwa, wuri ne da za a shimfiɗa tabarma a buɗe kula. Amma kada a raina hankalin yaro. Ku kai shi karofin Ƙofar Mata ku gani. Marinar nan tun 1498 ake lissafa ta. Ramuka ne a ƙasa cike da ruwan baba da toka, marini yana zaune a baki yana tsoma zane yana ɗagawa. In ya ɗago sai ka ga zanen da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. Wane yaro ne zai ga wannan bai buɗe baki ba? A gefe kuma ga mabuga suna dukan shadda a kan gungume, sautin kamar kiɗa. Abin da ke damuna, ramuka da yawa yanzu a bushe suke, masu yin sana'ar sun ragu. Shi ya sa nake cewa a kai yara yanzu.

In kun je, kada ku ɗauki hoto ku juya. Ku yi sallama, ku nemi izini, in ba za ku sayi komai ba ka ba wanda ya yi muku bayani ɗan ihsani. Mutanen nan da wannan suke ci.

Alhaji Mai Shago:
To tunda an rinjaye ni, bari in ba da tawa gudummawar, don Kurmi na san ta. Kada ka shiga da yara ba ɗan gari. Lungunanta ƙanana ne, sun yi kama da juna, ga masu kura da 'yan dako suna wucewa da gudu. Ka riƙe ƙaramin a hannu, uwarsu ta riƙe ta tsakiyar. Ku nemi layin dukawa ku ga jaka da takalmi da titimi na fata, da layin masu kayan doki, da 'yan koli, da masu turare da kayan yaji. Farashin farko da aka gaya maka ba shi ne farashi ba, ka taya da mutunci, in an ce albarka ka ƙara kaɗan, in bai yi ba ka yi godiya ka matsa gaba. Kuma tsaraba ita ce ramin da ban ji kowa ya ambata ba. Ka rubuta sunayen waɗanda za ka yi wa tun daga gida, ka yanke adadi. In ba haka ba maƙwabta da abokan aiki za su cinye kuɗin Dala da na Zu gaba ɗaya. Alkaki da ɗan turare sun isa.

Abdul na Jami'a, Talatan Mafara:
Ƙari a kan ta Alhaji: waya. Baba Malam, kada ka riƙa latsa ta a cikin adaidaita ko a bakin titi, musamman bayan magariba. Ƙwacen waya gaskiya ne a Kano. Kuɗin ma ka raba biyu, rabi wajenka rabi wajen Mama, kuma ka nemi canji ƙanana tun daga Gusau, don mai ɗanwake ba ta da lokacin jiran tiransifa ta shiga. Dala kuma kada ku hau da yamma. In kun yarda, ranar Asabar ba ni da lacca, zan zo in raka ku. Da ɗan gari akan ci gari, ni kuma na zama rabin ɗan gari.

Baban Nana, Gusau:
Abdul, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar karatu. Zan neme ka ta akwatin sirri.

Maman Sadik, Gusau:
Saura wurin kwana, ba wanda ya taɓo shi.

Baban Nana, Gusau:
An gama wannan. Maman Nana da 'yan matan za su kwana wajen mai jego, ni da ƙaramin a ɗakin wani abokin mijinta da ke maƙwabtaka. Da sai na kama masauki, da tafiyar ba ta yiwu ba.

Ummu Haidar, Anka:
Gidan Ɗan Hausa fa? Na ji ana faɗinsa.

Kawu Shehu, Bunguɗu:
Yana Nassarawa, wajen ganuwa. Gidan Baturen nan ne Hanns Vischer da Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a can a 1909. Ga malamin makaranta wuri ne mai ma'ana. Amma kwana biyu ba ta ɗaukar komai, kuma kowane ƙarin wuri ƙarin kuɗin adaidaita ne da gajiyar yara. In lokaci ya ba da, to. In bai ba da ba, a bar wa wata tafiyar. Ganuwa kuwa ba sai an je nemanta ba, daga Kabuga zuwa cikin gari za ku bi ta gefenta, ku ga ƙofofi irin su Gadon Ƙaya da Na'isa da Ɗan Agundi. Sarki Gijimasu ya fara gina ta, wajen shekara 900 ke nan. Ka nuna musu abin da ya saura, don ruwa da masu gini sun ci da yawa.

Baban Nana, Gusau:
Assalamu alaikum. Jama'a mun dawo jiya Lahadi kafin la'asar, lafiya lau, alhamdu lillahi. Yarinya ta ci sunan mahaifiyarmu. Na ga ya zama haƙƙi in dawo in ba da bayani.

Inna, shinkafa da geron nan sun yi aikin da ban zata ba. Uwar mijin da kanta ta kira ni ta yi godiya, ƙanwata kuwa har ta yi ƙwalla. Safe da dare a gida muka ci.

Juma'a mun yi yadda Kawu ya tsara. A Gidan Makama Nana ta cika shafi uku na littafinta, ta tsare mai bayanin da tambaya a kan yadda ake rufe ƙofar gari da dare. Bayan masallaci cunkoso ya yi yawa, muka fake a wata rumfa har aka ragu, a nan muka ci ɗanwake da zafinsa. Kuskure ɗaya na yi: da za mu koma yara sun gaji, na tare adaidaita muka shiga ban yi ciniki ba. Da muka sauka ya faɗi kuɗin da ya ninka na zuwa. Na biya don ba na son hayaniya a gaban yara, amma abin ya tsaya mini a rai. Ɗanjuma ya faɗa, ban kiyaye ba.

Asabar Abdul ya iso tun bakwai. Mun hau Dala, ƙaramin ya hau rabi da ƙafarsa, sauran a wuyan Abdul. Da muka kai sama ta tsakiyar ta yi shiru can ta ce, Baba, duk waɗannan gidajen akwai mutane a ciki? Mun shiga Mambayya, mun ratsa Kurmi, mun ci bandashe a Jakara, ta ƙaramin ba kabeji kamar yadda aka ce. A Ƙofar Mata wani dattijo ya ba Nana ƙyalle ta tsoma da hannunta. Har yanzu akwai shuɗi a gefen farcenta, ta ƙi yarda a goge. Ummu Haidar, kin yi gaskiya, da la'asar mun je Gidan Zu da kularmu ta datun hoce, kuma ƙaramin ba abin da yake faɗa tun jiya sai jimina. Kantin ba mu shiga ba. Gidan Ɗan Hausa ma bai samu ba.

Ga lissafi: adaidaita 12,000, abinci da ruwa 13,000, kuɗin shiga wurare da ihsani 5,000, tsaraba 8,000. Na dawo da 2,000. Abdul ya ƙi karɓar ko sisi, da ƙyar ya yarda ya ci gurasa tare da mu.

Alhaji Mai Shago:
Barka da dawowa Malam. Adaidaita ta kusa kamo abinci ke nan. Da ba a ninka maka na Juma'ar nan ba, da ka dawo da abin da ya fi haka.

Inna Hajo, Ƙauran Namoda:
Barka da hanya ɗana. Allah shi raya takwarar Hajiya. Ka ce ma Nana baba ba ya fita da sabulu, da kansa zai tafi.

Kawu Shehu, Bunguɗu:
Malam, shafi ukun nan na Nana, ka sa ta karanta wa 'yan ajinka.

Baban Nana, Gusau:
Kawu, na riga na roƙi hedimasta. Ranar Laraba ne bayan tara, kuma ta ce da ƙyallen za ta je.